Ɗakin da Ban Taɓa Shiga Ba

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "ina labarin Likita?" da "an sa rana?", to ga labarin Likita. Amma ku nemi wuri ku zauna tukuna, don ni a tsaye ya same ni.

Ga sababbin zuwa, ni ce auta a gidanmu. Tun rasuwar Abba mu uku ne a gidan: ni, da Mama, da Yaya, wadda ta dawo gida bayan aurenta ya mutu, ta kafa keken ɗinkinta a ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin. Ni kuma ina aiki a kamfanin wata manhajar haɗa aure. Ni ke kula da rumbun bayanai, wato inda hotunan jama'a da hirarrakinsu da duk wani "sallama, ko zan iya sanin sunanki?" suke kwance. Mutane nawa suka yi aure ta wannan rumbun, Allah kaɗai ya sani, ni kuwa ina zaune. Mama ta ce na zama tela mai yawo da yagaggiyar riga. Na sha gaya mata dokar wurin aikinmu ce, ma'aikaci ba ya buɗe shafi a manhajar, in aka kama shi kora ce ba ko sallama. Sai ta taɓe baki ta ce, "Doka ta hana ki shafi, ta hana ki murmushi ma?"

Likita kuwa likitan ido ne. Goggo ce ta kawo zancensa, wai ɗan ƙawarta ne. Ranar da ya fara zuwa, na shiga falo da tiren shayi ina ta shirya yadda zan kore shi cikin ladabi, sai ya ɗago ya kalle ni kamar wanda ya daɗe da sanina, ya ce, "Ashe haka muryarki take." Na ɗauka salon zance ne irin na maza. Ni ba gwanar hira ba ce, kun sani. In ya zo, shi ke magana, ni ina murza bakin gyale ina "eh" da "haka ne". Amma bai taɓa gajiya ba. Wani lokaci sai ya yi wani murmushi na ƙasa-ƙasa kamar akwai abin da muka sani mu biyu. Ba zan ɓoye muku ba, wannan haƙurin nasa ne ya kama ni. Na so shi, so na gaske, irin wanda in waya ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko shi ne. Na ce a raina, yau ga wanda ya gan ni a yadda nake, shiru-shiru da taurin kai, kuma ya ce ya ji ya gani.

To, ranar da abin ya faru, da safe ina gaban madubi ina fama da ɗaurin ɗankwali, sanye da doguwar rigata ruwan toka wadda Mama ta tsana, sai ga ta a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Auta, ƙarshen makon nan manyansa za su zo, ke ko yadin da za ki sa ba ki zaɓa ba. So kike ki fito musu da wannan rigar ta masu zaman makoki?"

"Mama, zan zaɓa in na dawo."

"Haka kika ce jiya. Yayarki ba inji ba ce da za ta ɗinka kaya a kwana ɗaya."

Daga ɗakin ɗinki Yaya ta ce, "Ki ƙyale ta, Mama, zan kai mata samfuran yadin can ofis ta zaɓa." Muryarta a dishe take. Tun farkon makon take fama da wata mura da ba ta da tari, sai jan ido kawai. Na yi niyyar leƙa ta, sai wayata ta yi ƙara. Dogo ne, abokin aikina.

"Kina ina? Ki zo yanzu. Na yi ɓarna."

"Wace irin ɓarna?"

"Irin wadda ba a faɗa a waya."

Na tarar da ofis kamar gidan da aka yi gobara. 'Yan sashen amsa kira kowa da waya a kunne yana ba da haƙuri. Dogo na zaune ya dafe kai da hannu biyu. Wani umarnin kwamfuta ne da ya kamata ya gwada a rumbun gwaji, ya buga shi a rumbun gaske, ya hautsina hirarrakin mutane. Saƙon wannan ya faɗa shafin wancan, wasu sun ɓace gaba ɗaya. Na ce innalillahi, na ajiye jaka, na fara da rufe ƙofar rubutu a rumbun kafin ɓarnar ta ƙaru.

Manaja ya zo ya tsaya a kaina, turarensa ya riga shi isowa.

"Minti nawa?"

"Ba maganar minti ba ce, ranka ya daɗe. Sai na ɗauko kwafin ajiya na kafa shi, sannan in bi tarihin canje-canje ɗaya bayan ɗaya, duk abin da mutane suka rubuta ko suka goge tun daga lokacin, har in iso daidai gaban ɓarnar in tsaya. Rumbun yana da girma. Yini ne."

"Yini? Manhaja a rufe yini guda? Kin san masu fafatawa da mu jira suke mu yi atishawa?"

Na ce akwai hanya. Zan iya kafa kwafi biyu. Ɗaya in shiga da shi ciki ina gyara, ɗayan kuma in buɗe wa jama'a a matsayin na kallo kawai: za su shiga, su ga shafinsu, su karanta hirarsu, amma ba mai iya aika ko harafi ɗaya sai na gama. Kamar shago ne da aka bar tagar gilashi a buɗe ana gyaran ciki.

"To me kike jira?"

"Kwafin da na tabbatar da lafiyarsa na farkon mako ne. Abin da mutane za su gani, yadda duniya take a ranar ne. Wanda ya goge hoto daga baya, hoton zai dawo. Wanda ya goge shafinsa, shafin zai tashi kamar ba a taɓa binne shi ba. Sai na gama bin tarihin sannan komai zai sake komawa yadda suka bar shi."

Ya kaɗa hannu. "Ki sa sanarwa a sama. Na 'yan sa'o'i ne, wa zai lura?"

Na yi gardama kaɗan, ya nuna min agogo. Na rubuta sanarwa da jan rubutu, na buɗe kwafin kallo, na ɗauki kwamfutata na koma ƙaramin ɗakin sanyi inda na'urori suke, na ja rigar sanyin da nake ajiyewa a bayan kujera, na sa aikin gyara a hanya. Layin da ke nuna ci-gaban aikin ya fara rarrafe a allo kamar katantanwa.

Wajen hantsi wayata ta yi haske. Likita ne.

"Kin dawo mana da ɗakinmu? 😊"

Na karanta sau biyu. Na rubuta, "Wane ɗaki?"

"Na sani, na sani, ba a ambata. Amma tunda ke kika fara karya doka, yau kam sai na yi magana."

Kafin in tambaya, hoto ya shigo. Hoton allon wayarsa ne, cikin manhajarmu, launin da nake gani kullum har a mafarki. A sama ga fuskata. Ni ce, da shuɗin gyale, ina dariya na kauda kai, a tsakar gidanmu kusa da igiyar shanya. A ƙarƙashin hoton an rubuta "Auta". A ƙarƙashin wannan kuma hira ce, doguwa, kore da fari, kore da fari.

'Yan uwa, kun taɓa taka matakala a duhu kuna zaton akwai saura ɗaya, ƙafa ta faɗa a iska? Haka na ji. Na ce ko ɓarnar Dogo ce ta haɗa hotona da shafin wata. Amma hotona ba shi da abin da zai kawo shi rumbun tun farko. Kuma kwafin da ke buɗe ya girmi ɓarnar.

Hotuna suka ci gaba da shigowa, shi kuwa yana ta nishaɗi.

"Kin tuna wannan? Ranar farko."

"Wannan kuma ranar da kika sa na yi dariya a gaban mara lafiya."

Ban taɓa buɗe hirar kowa a rumbun nan ba, amana ce, kuma ko a ranar ban buɗe ba. Shi ya yi ta turo min da hannunsa. Na ga inda "ni" ta ce masa kada ya kuskura ya ambaci manhajar in ya zo gida, ko a saƙon waya, don za a kore ta daga aiki. Na ga inda ta ce masa Goggo za ta gabatar da shi, ya yi kamar bai san komai ba. Na ga inda ta ce, "In ka ga na yi shiru a falo kada ka damu, kunya ce, a nan ne bakina yake buɗewa." Wannan matar tana da barkwanci. Tana tsokanarsa a kan takalminsa mai ƙara, wanda ni ma na lura da shi amma ban taɓa iya faɗa ba. Tana tambayarsa ko ya ci abinci. Tana ba shi labarin yadda ake gane yadi mai kyau da taɓawa.

Sai ya turo wani ya ce, "Wannan ne ya sa na yanke shawara. Ban taɓa gaya miki ba."

A ciki an rubuta yadda Abba, a kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, ya daina gane kowa, amma in an shafa masa mai a ƙafa sai ya yi shiru ya daina nishi. Yadda "ni" ta zauna tana shafa masa har hannunta ya sage, da yadda ya buɗe ido sau ɗaya ya ce mata, "Allah ya ba ki mai riƙe ki haka."

Ni ina makaranta lokacin da Abba ya rasu. A waya aka gaya min. Mutum ɗaya ce ta zauna a gefen gadon nan, kuma ita ce ta ɗauke ni hoton nan mai shuɗin gyale da wayarta.

Na kife wayar a kan tebur. Na'urori na ta gurnani. Dogo ya leƙo ya ce ya ake ciki, na ce ana tafiya. Ya ce fuskata fa? Na ce sanyi ne. Layin ya wuce rabi lokacin da mai gadi ya kira ya ce ina da baƙuwa.

Yaya ce ta shigo da jakar leda a hannu ɗaya, kular abinci a ɗayan. Baƙar abaya ce a jikinta mai ɗan aiki a hannu, wadda ita ta ɗinka abinta, ga jan zare ya maƙale a kafaɗarta ba ta sani ba. Ta zube yadudduka a kan teburina: ruwan zuma, ruwan ƙwai, da wani kore mai duhu.

"Wannan ɗakin naku zai kashe mutum da sanyi. Ga shi, Mama ta ce kada in dawo sai kin zaɓa. Ni dai koren nake ganin zai..."

Na juya mata wayar.

Ta kalla. Yadin da ke hannunta ya zame ya faɗi ƙasa. Ba ta ce mene ne wannan ba, ba ta ce ƙarya ne ba. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Na goge shi. Wallahi na goge shi."

"Kin goge. Ni na dawo da shi."

Ta lalubi kujerar da ke gefe ta zauna.

"Yaya, da sunana? Da fuskata? A wurin aikina?"

"Mama ce ta matsa. Kullum kuka take min, wai za ta mutu ba ta ga aurenki ba. Ta ce tunda ke ba za ki nema ba, in nema miki. Na ce zan buɗe, in tace su, in na samu na kirki in haɗa ku in rufe. Goggo ma ta sani. Taimako na yi niyya, Auta."

"Yaushe ya fara zuwa gidanmu?"

Ta sunkuya ta ɗauko yadin da ya faɗi.

"Watanni nawa ke nan, Yaya? Me ya hana ki rufewa ranar da ya sha shayin farko?"

"Ya dawo daga wurinki ya rubuto cewa ko bai yi miki ba ne, kin ƙi magana. Na ce bari in kwantar masa da hankali sau ɗaya, kada ya gudu. Washegari ya sake rubutowa." Ta share hanci da bakin mayafi. "Mama ba ta san na ci gaba ba. Ba wanda ya sani."

"Kin ba shi labarin Abba."

Nan ne ta fashe. Ban taɓa ganin Yaya tana kuka haka ba, ko ranar da ta dawo gida da akwatunanta. Ta toshe baki da hannu don kada a ji a waje.

"Ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara da shekaru ina gidan wancan mutumin bai taɓa tambayata me ke raina ba. Wannan ya tambaya. Na manta da sunan wa nake magana." Ta ɗago jajayen idanunta. "Da aka ce manyansa za su zo, na ce masa mu rufe ɗakin nan, mu koma magana a fili kamar kowa. Na goge. Na ce shi ke nan, naki ne, dama naki ne. Ki yafe min. Ba zai taɓa sani ba."

Na so in yi ihu, na so in rungume ta, na rasa wanda zan fara. Takaici ya cika ni, ga kunya, ga tausayi da ban gayyata ba. Wai ni ce mai tsaron rumbu, watanni ana soyayya da fuskata a cikinsa, ina zaune a kai kamar kaza a kan ƙwan da ba nata ba. Shi ma likitan ido, yana duba idon gari, bai ga cewa mata biyu yake nema ba. Sai yanzu na gane wannan murmushin na ƙasa-ƙasa. Ba ni yake yi wa ba.

Kwamfuta ta yi ƙara. Layin ya kusa ƙarshe. Manaja ya turo ƙofa da kansa, ya ga baƙuwa ya ɗan rage murya.

"Ya ake ciki?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe. Na bi tarihin har gaban ɓarnar. Ina duba lafiyarsa, in na gama sai in juya jama'a zuwa sabon, in kashe na kallon."

"Abubuwan da suka tashi fa? An fara kira ana ƙorafi."

"Duk za su koma su kwanta. Abin da aka goge zai sake gogewa."

Ya fita. Yaya ta kama hannuna da ƙarfi.

"Kin ji? Zai ɓace. Ki danna kawai, Auta. Ki ce masa matsalar na'ura ce. Ni zan koya miki duk abin da muka yi magana a kai, ɗaya bayan ɗaya, ba zai gane ba. Zan ɗinka miki koren nan, ki fito, Mama ta yi farin ciki. Don Allah."

Kuma wallahi, 'yan uwa, na yi tunanin yi. Kada ku zage ni. Ina son mutumin nan. Maɓalli ɗaya ne tsakanina da shi. Na duba ƙididdigar rumbun, komai ya yi daidai. Na ɗora yatsa, na juya jama'a zuwa sabon. A waje na ji 'yan amsa kira sun saki tafi, Dogo yana ta hamdala da ƙarfi. Shafin "Auta" ya koma inda ya fito.

Wayata ta yi haske a tsakanin yadudduka, inda mu biyun muke iya gani.

"Ɗakin ya sake ɓacewa. Ba komai, na karanta shi tun daga farko yau, ko mara lafiya ɗaya ban duba da hankalina ba."

Wani ya biyo.

"Bari in faɗa miki gaskiya kafin manya su zo. Wani lokaci a falo sai in ji kamar da baƙuwa nake zaune, har in fara tsorata. Sai in tuna wadda ke cikin ɗakin nan, in ce ita zan aura, wannan shirun zai wuce. Don ita nake haƙuri."

Yaya ta rufe ido. Ni kuwa na karanta shi har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

"Ina ƙasa a bakin ƙofar ofishinku. Na kasa zama. Minti biyu kawai, ina so in ga mai rubutun nan da idona."

Yaya ta miƙe a firgice tana tattara yadi, tana tambayata ko akwai ƙofar baya. Na tashi na tsaya a jikin ƙofar ɗakin. Na rubuta wa Likita amsa, na goge, na sake rubutawa, sannan na aika.

"Ka ce wa mai gadi ya hawo da kai. Tana nan."